Matashin Sajan Mai Giɓi

Ku 'yan ajinmu da kuke wucewa ta gaban shagon Gwaggo Asabe a nan Zuru kuna leƙo ni kuna dariya, na ji abin da kuke cewa. Wai ɗinkin matashin kai ba sana'a ba ce, jaka ce kawai a cika ta a ɗinke baki. To ku natsu ku karanta. Ni Saude shekarata goma sha shida, shida daga ciki a shagon nan na ƙarar da su. Audugar rimin da na shaƙa a rayuwata, da za a kama ƙafafuna a zazzage ni, sai an yi wa amarya katifa har a samu ragowar matasai biyu.

Shekarata ta farko ko allura ban taɓa ba. Gwaggo, yayar babana ce, ta zaunar da ni gaban buhu ta ce in tsince 'ya'yan rimi daga cikin auduga. Ƙwaya ɗaya idan ta tsira a cikin matashi, ɓera zai jiyo ƙamshinta tun daga garin Ribah, ya zo ya huda yadi ya kafa iyali a ƙarƙashin kan mutum. Shekara ta biyu aka ba ni sanda, in bugi auduga a rana har ta tashi. Sai a ta uku aka bar ni na riƙe basilla. Almakashin Gwaggo kuwa, mai baƙin hannu, har yau sai ta juya baya nake taɓa shi. Akwai kuma keken ɗinkinmu da muke kira Tsohuwa, wadda ba ta aiki sai an ba ta mai an kuma yi mata magana mai daɗi.

Dokar shagon ɗaya ce: matashi a cike yake. Kusurwa huɗu, kowace a tsaye kamar kunnen jaki. Idan na gama cikawa, Gwaggo sai ta danna gwiwar hannu a tsakiya. In ya lotsa bai taso ba, ta warware ɗinkin ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba. Ta sha faɗa cewa matashin da ya rame zagin mai shi yake yi a gaban baƙi.

Mun ga shekara mara kyau, kada ku ɗauka daɗi kawai muke sha. Wata damina kwanon ɗakin ajiya ya yi yoyo ba mu sani ba, auduga ta sha ruwa ta ciki. Muka cika matasan wata amarya ta garin Kanya da ita. Bayan mako biyu aka dawo mana da su a bayan babur, suna wari kamar jiƙaƙƙen kare. A shekarar ce kuma wani ɗan kasuwa Inyamuri ya buɗe shagon soso jikin namu, mutane suka koma can. Mun yi watanni daga mu sai ƙudaje. Tun daga lokacin Gwaggo ba ta kiran soso da sunansa. "Burodin malalata" take ce masa.

Duk wannan share fage ne. Aikin da ya kusa sa ni furfura shi ne na Sajan Bawa.

Wata Litinin da safe matarsa, Maman Rahila, ta shigo shago ta zauna a kan benci ba a ce mata zauna ba. Ta kwance bakin zaninta ta nuna mana makullin babur, ta mayar ta ƙulle.

"Hajiya, kin ga wannan? Ran Baban Rahila ne nake yawo da shi a gefen zane."

Ta ba mu labari. Mijinta tsohon soja ne, ya yi ritaya ya koma noma a Mahuta. Minsharinsa duk unguwa ta san shi, amma ba shi ne abin tsoron ba. Yana cikin ja sai numfashin ya ɗauke cak, ta yi ta jira, sannan ya fizgo shi kamar janareta mai tari. Da rana kuma barci ke sace shi ko'ina: a coci, a bakin kwanon tuwo, a tsakiyar faɗan da shi ya fara. Watan da ya wuce barcin ya same shi a kan babur a hanyar Mahuta. Ya farka a gonar wani, babur na kansa, taya na juyawa. Sai 'yarsu Rahila, wadda take aikin jinya a birni, ta kai shi asibiti aka gwada barcinsa, aka ba shi wata na'ura mai hura iska ta tiyo zuwa takunkumin da ake ɗaurawa a fuska. Uwa da 'ya suka yanke hukunci: ba makulli sai yana kwana da na'urar.

"To ya sa mana," in ji Gwaggo.

"Yana sawa. Amma shi ba ya barci sai ta gefen dama. Da ya juya, abin ya goce, iska ta dinga hura masa ido, fiii, fiii. Sai ya tuɓe ya yi jifa da shi. Yanzu ya rantse, ranar da ruwan shuka ya sauka zai kira makanike ya haɗa masa waya, ya tafi gona da makulli ko ba makulli. Ki yi masa matashin da zai riƙe abin nan, Hajiya."

Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali. Muka yi abin da muka iya. Na cika matashin nan har yadi yana kuka, kusurwoyinsa sai ka soke ido da su. Gwaggo ta danna gwiwar hannu, matashi ya mayar mata da martani. Muka aika.

Kwana uku ya dawo. Wai Sajan ya ce ya gode da buhun masara.

Muka yi na biyu, babba, mai laushi, irin wanda mutum zai sa kai ya manta sunan garinsu. Shi ma ya dawo. Wai fuskar ta nutse, takunkumin ya koma kunne. Gwaggo ta tsaya tana kallon matasai biyu a kan tebur. Tun shekarar Kanya ba a dawo mata da kaya ba.

"A kawo mini shi," ta ce. "Shi da injin nasa. In gani da idona."

Bayan azahar sai ga Sajan Bawa a bayan kabu-kabu, rungume da kwali, yana harare-harare kamar an kamo shi. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tuƙa kansa, yau wani yaro ne ke ce masa ya riƙe da kyau. Dogo ne, kuma gashin bakinsa, Allah Ya sani, yakan riga shi shiga ɗaki. Maman Rahila ta biyo shi da batirin sola, ta kira Rahila a waya ta buɗe murya kowa ya ji. Abu na farko da Anti Rahila ta ce shi ne mu ɗaure bakin buhunan auduga mu share shago, kada na'urar ta zuƙi ƙura, kuma kada wanda ya taɓa madannan jikinta, likita ya riga ya saita.

Ashe takunkumi uku ta aiko. Na zazzage su a kan tebur. Akwai babba mai rufe hanci da baki. Akwai matsakaici mai rufe hanci kaɗai. Akwai wani ɗan mitsitsi mai kawuna biyu masu laushi da suke zama a bakin ƙofofin hanci. Biyun ƙarshe ko ledarsu ba a yage ba.

"Baba Sajan, me ya sa babban kawai kake sawa?"

"Shi ne na maza," ya ce. "Mun sa irinsa a atisaye."

Ya kwanta a bencin bayan shago, aka kunna na'ura. Yana rigingine, lafiya ƙalau, ko motsin iska ba ka ji. Ya juya dama. Fiii! Matashin ya tokare gefen takunkumin ya ɗaga shi, iska ta fito ta kaɗa masa gira. Ya kama maɗaurai ya ja, ya sake ja, har fuskarsa ta koma kamar ƙullin alala.

"Baba, daina ɗaurewa!" in ji Anti Rahila ta waya. "Yawan tamkewa shi ke ƙara ɓata shi. Ku gwada na hancin."

Muka gwada na hancin. Wannan bai kai ga matashi sosai ba, amma gindinsa a kan gashin baki ya zauna. Iska ta samu hanya ta cikin dajin nan. Gashin ya dinga kaɗawa kamar tutar bariki. Na cusa ɗankwali a baki don kada dariya ta fito, ta fito ta hanci.

"A aske kawai," in ji Maman Rahila.

Sajan ya tashi zaune. "Madam, gashin nan ya girmi 'yarki. Tare muka je bakin daga, tare muka dawo. Ba mai taɓa shi."

"To ka zauna da shi a gida, shi ya yi maka shuka."

Saura ƙaramin. Ya ɗaga shi da yatsu biyu ya juya. "Wannan ai na shanun noma ne. Igiya a hanci! Ni za a ja?" Ya fara mayar da kaya cikin kwali.

A nan ne na yi abin da ba a koya a kan keke. Na ɗauki ƙaramin na mayar cikin ledarsa a hankali, na ce, "Gaskiya gara a bar shi, Baba. Wannan ba kowa ke iyawa ba. Iskarsa kai tsaye take shiga, mutane da yawa tsoro suke ji."

Gashin bakin ya motsa.

"Wa ke tsoro? Kawo nan, yarinya."

Ya sa. Abin mamaki, ɗan mitsitsin nan ya zauna sama da gashin, bai dame shi ba. Ya kwanta ya juya. Ya fi sauran nesa ba kusa ba, sai dai da kumatunsa suka nutse, matashin ya ture shi gefe, ƙofar hanci ɗaya ta fara busa. Ga baki kuma yana saki ya buɗe, iskar da ta shiga ta hanci ta fice ta can. Gwaggo ta riƙe ƙugu tana kallon matashinta kamar ɗan da ya ba ta kunya a gidan suruki.

Bencin namu siriri ne. Sajan ya yi ta mutsu-mutsu yana gunaguni har ya zamo baki-baki, kunnensa da bayan kansa a kan matashi, hanci da kumatu suna lilo a iska. Busar ta tsaya. Na ce kada ya motsa. Ya matsa ciki, ta dawo. Na ce ya koma, ta tsaya. Sau uku na sa tsohon soja yana gaba yana baya a kan benci, yana kirana da sunayen da ba zan rubuta ba.

Na ɗauko alli na zana rabin da'ira a gefen matashin, daidai inda fuskarsa take sauka.

"Gwaggo, ba ƙarin auduga yake so ba. Nan wurin ne ya yi yawa. A cire shi."

Gwaggo ta kalli zanen, ta kalle ni. "A cire mi?"

"Gefen. A yi masa giɓi."

"Giɓi! In ɗinka matashi kamar wanda jaki ya gatsa, ya fita ta ƙofar nan, a ce aikin Asabe ne? Ke ɗiyar nan, audugar ta hau miki kai. Shekara nawa ina cika kusurwa, yau ki ce in yanke?"

Tana cikin faɗa sai iska ta kaɗo ta gabas mai ƙamshin ƙasa. Sajan ya fita bakin ƙofa ya daɗe yana kallon hadari. Ya dawo ya ɗauki kwalinsa.

"Jibi da safe ina Mahuta," ya ce. Maman Rahila ta dafe gefen zaninta.

Washegari Gwaggo ta tafi suna, ta bar mini shago. Na ɗauki almakashi mai baƙin hannu, na yanka yadi da giɓi, na cika da auduga. Ku da kuke cewa jaka ce, ku gwada sa audugar rimi ta tsaya a lanƙwasa. Ba ta jin magana. Da na ɗora kaina sai ta gangaro ta cike giɓin, ya koma kumburi. Na sake, na yi mata shinge da ɗinki. Ta tsallake. Kafin hantsi ya yi zafi na ɓata yadi biyu, gashina ya yi fari kamar na kakar kakata.

Abu ɗaya ne ke tsayawa inda aka yanke shi. Na leƙa hagu, na leƙa dama, na shiga shagon maƙwabcinmu kamar mai shiga gidan boka.

"A'a! 'Yar gidan auduga!" in ji mai soso. "Madam ɗinki ya sani?"

"Oga, don Allah rage murya."

Ya ba ni wani guntu mai ƙarfi da ya rage masa, yana dariya har yana riƙe ciki. Na auna kaurinsa da tsawon da na ɗauka jiya daga wuyan Sajan zuwa ƙarshen kafaɗa, domin mai kwanciyar gefe idan matashi ya gaza kafaɗarsa wuya ne zai biya. Na yanke giɓin da wuƙar burodi. Na shimfiɗa auduga siririya a sama saboda laushi, na rufe da yadi riɓi biyu kada ƙura ta fito. Ina cikin ɗinke lanƙwasar sai inuwa ta rufe ƙofa.

Ba zan iya kawo muku duk abin da Gwaggo ta faɗa ba, takarda za ta ƙare. Ta fara daga ranar da aka haife ni. Ta bi ta kan 'ya'yan rimin da na bari a shekarar farko. Ta ce na shigo mata da burodin malalata har tsakar shago. Ta fizge matashin za ta yi jifa da shi, sai idonta ya sauka a kan ɗinkin.

"Wannan kuma mene ne? Tafiyar mashayi? Wa ya koya miki ɗinka kwana haka?"

"Ba a taɓa koya mini kwana ba, Gwaggo. Mu kusurwa muke yi."

Ta yi tsaki mai tsawo. Ta zauna. Ta warware ɗinkina gaba ɗaya, ta tsattsaga bakin yadin ƙanana-ƙanana don ya bi lanƙwasa, ta ɗinke shi da basilla, tana zagina a kowace saƙa. Da ta gama ta ce, "Tiyon fa? A bar shi yana jan hancin mutum duk juyi?" Ta ɗinka ɗan madauki a saman matashin inda tiyo zai bi ta bayan kai. Ni kuma na haɗa maɗaurin haɓa da roba da yadi mai laushi, bayan Anti Rahila ta ga hotonsa ta ce ya yi, kada dai ya matse.

Da la'asar sakaliya aka sake kawo Sajan. Ya kalli matashin. "Ɓera ne ya ci?"

"Kwanta, Sajan," in ji Gwaggo. "Kada ka ƙara mini."

Ya sa ƙaramin takunkumi, na ɗaura masa na haɓa, ya kwanta ta dama. Kunne a kan matashi, hanci a cikin giɓi. Muka kasa kunne. Babu fiii. Ya buɗe ido ɗaya zai yi ƙorafi, bai ga aibi ba, ya rufe.

Can sai Maman Rahila ta miƙe a firgice. "Hajiya, ban ji komai ba." Ta matsa ta sa hannu a ƙirjinsa. Ƙirjin yana hawa yana sauka, a hankali, ba tsayawa. Matar da ta yi shekaru tana kwana kusa da injin niƙa, shirun ne ya ba ta tsoro. Ta koma ta zauna tana kallonsa kamar sabon jariri.

Awa biyu mutumin nan yana barci a shagonmu. Ba a taka Tsohuwa ba. Masu saye biyu da suka zo da raɗa muka sallame su. Ruwa ya sauko, ya buga kwano, ya ɗauke, Sajan bai sani ba. Da ya farka ya zauna yana shafa goshi yana neman ciwon kan da ya saba tashi da shi. Sai ya miƙa wa matarsa hannu.

"Makulli."

"Kwana bakwai," ta ce. "Ka kwana bakwai da takunkumin ba jifa. Shuka kuwa kabu-kabu ya kai ka."

Na zaci rufin shago zai tashi. Ya kalli gefen zaninta, ya kalli matashin. Ya ɗauke shi ya rungume. "Bakwai. Ban da ƙari."

Gwaggo ta ƙwace ta cusa shi a baƙar leda riɓi biyu. "Sajan, don girman Allah, in an tambaye ka, daga birni aka aiko maka."

Ya je shukarsa a bayan yaron kabu-kabu, kamar yadda aka yanke. Rana ta takwas da hantsi muna bugun auduga sai muka ji hon, irin wanda ake yi wa shanu a hanya. Sajan Bawa ne a kan baburinsa, ido tar, gashin baki a murɗe, zai kwana biyu a gona. Kwalin na'ura da batir a ɗaure a baya. A samansu kuma, tsirara, ba leda ba komai, giɓinsa na kallon duk Zuru, ga matashinmu.

"Hajiya!" ya ɗaga murya har mai soso ya leƙo. "Na gaya wa mutum huɗu a coci! Dukansu masu minshari ne, biyu suna da injin! Na ce su nemi shagon Asabe!"

Ya ba wuta, ya miƙe hanyar Mahuta, tsakiyar hannunsa sak. Daga baya Maman Rahila ta gaya mana cewa da yamma ya kira ta daga gona, wai da ƙafafunsa ya sauka.

Gwaggo ta jingine sandar da ke hannunta.

"Saude, shiga ciki. Ja labule."

Na ja.

"Ina kika ajiye wuƙar burodin nan?"